Muryar Mutuwa ta gagare mu a kan dandali

Assalamu alaikum. Muna shirya wasan Mort, labarin Terry Pratchett na 1987 da Stephen Briggs ya mayar wasan dandali, inda Mutuwa ta ɗauki yaro mai suna Mort yana koyon aikinta. A littafin da manyan haruffa ake rubuta maganarta. To, a dandali fa?

Ɗan wasanmu mai fitowa a matsayin Mutuwa yana sanye da fuskar ƙoƙon kai ta roba, muryarsa na shaƙewa a ciki, na kujerun baya ba sa jin barkwancin ko kaɗan. Mun naɗi muryar muna saki ta lasifika, sai ta ƙi jiran dariyar 'yan kallo, ta riƙa hawa kan maganar Mort. Saura mako 3. Don Allah, mu sa makirufo a ciki ne, ko mu yanke bakin fuskar?