Gasar zari-ruga ta Ƙasashe Shida, 2022: wuraren da doka ta juya wasa

Mai Usur: Jama'a, masu sabon shiga kallon zari-ruga na yawan cewa Faransa ta ɗauki kofin 2022 ne don ta fi kowa ƙarfi. Ƙarfin akwai, amma wasanni da dama a shekarar doka ce ta yanke su, ba ƙirji ba. Duk wanda ya kalla da idon basira ya kawo abin da ya gani. Ni zan fara da lissafin maki. Nasara maki 4, canjaras 2, dire ƙwallo a bayan layi sau huɗu maki 1, shan kaye da tazarar 7 ko ƙasa da haka maki 1. Wanda ya cinye wasanni biyar duka ana ƙara masa 3. Faransa ta gama da 25, Ayalan 21, Ingila da Sikotlan 10 kowace, Wales 7, Italiya 4. Cire ukun nan, Faransa na da 22 kenan, maki ɗaya tak a gaban Ayalan da ta doke.

Ɗan Sahun Gaba: Malam Mai Usur, bari in ɗauki wanda ya fi rikita mutane, Ayalan da Italiya a Dublin, 57 da 6. Mai lamba 2 na Italiya, wato ɗan tsakiyar sahun gaba, Lucchesi, ya ji rauni tun farkon wasa. Faiva ya canje shi, kafin a cika minti 20 ya ci jan kati don ya kai wa Dan Sheehan karo a sama. Saura 14. To kowace ƙungiya masu lamba 2 biyu take zuwa da su, kuma ba a saka wanda bai ƙware ba a tsakiyar sahun gaba, don wuyan mutum ake magana. Sai alƙali ya koma sikiram na ba turi (sikiram shi ne inda 'yan gaba takwas-takwas ke haɗa kafaɗu suna turin juna a kan ƙwallo). Dokar ta ce in jan kati ne ya jawo haka, sai ƙungiyar ta sake fitar da mutum ɗaya, don kada masu raunin sikiram su riƙa neman hanyar tsira da gangan. Halafihi mai lamba 8 ya fita bai yi laifin komai ba. Saura 13. Sannan dole a cika mutum takwas a sikiram ɗin, wato biyar kawai suka rage su tare faɗin fili mai mita 70. Daga nan wasa ya mutu.

Gwaggo Mai Lissafi: Irin wannan ya so faruwa a Twickenham, wasan Ingila da Ayalan, amma ya ɗauki wata hanya. Charlie Ewels na Ingila ya ci jan kati a daƙiƙa ta 82, kansa ya haɗu da kan James Ryan na Ayalan. Abin da alƙali ke dubawa a jere yake: an taɓa kai? Laifin mai tarewa ne? Haɗarin babba ne? Akwai abin sassauci, kamar mai ƙwallo ya sunkuya ba zato? Ewels ya shigo a miƙe, bai lanƙwasa ƙugu ba, don haka babu sassauci. Ingila ba ta rasa ɗan sahun gaba ba, sai ta jawo Jack Nowell daga gefe ya riƙa shiga sikiram, suka dinga tura Ayalan baya suna samun fenariti. Marcus Smith ya buga biyar, aka kai 15 da 15 wajen minti na 60. Amma mutum 14 ba sa cika minti 80 da wannan gudu. Ƙafafu suka yi nauyi, Conan da Bealham na Ayalan suka dire, Ayalan ta ci 32 da 15.

Na Bakin Layi: Gwaggo, kin tuna min da Murrayfield a makon farko, wasan Sikotlan da Ingila. Ingila na gaba da 17 da 10, Finn Russell na Sikotlan ya ɗaga ƙwallo zuwa kusurwa wajen Darcy Graham, Cowan-Dickie na Ingila ya yi tsalle ya mare ta waje da gangan. Da ya yi ƙoƙarin cafewa ya kasa, ba laifi. Marin ya jawo wa Sikotlan maki 7 kai tsaye ba sai an yi bugun ƙari ba, da katin gargaɗi na minti 10. Kuma Cowan-Dickie ne mai jefo wa Ingila ƙwallo daga gefe, jifan da ya biyo baya ma ya lalace. Sikotlan ta ci 20 da 17.

Mai Usur: Ku dawo kan Faransa. Wasan da ya raba gardama shi ne na Paris, 12 ga Fabrairu, inda ta doke Ayalan 30 da 24. Ayalan ta dire sau uku, Faransa sau biyu kacal, Dupont da Baille. Tazarar daga ƙafar Melvyn Jaminet ta fito, fenariti shida. Ana 27 da 21 kusa da ƙarshe Ayalan ta samu fenariti, ta zaɓi maki 3 maimakon ta harba kusurwa ta nemi 7. Har yau ana musu a kai. Ni a ganina kuskure ne, don dira ta huɗu ma maki ce a teburi.

Ɗan Sahun Gaba: Ban yarda gaba ɗaya ba, Malam. Jifan gefe na Ayalan bai zauna daidai ba ran nan, kyaftin ɗinsu Sexton ba ya nan, Carbery ne ya maye gurbinsa a lamba 10. Amma inda aka ga aikin Shaun Edwards, mai horar da tsaron Faransa a lokacin, Cardiff ne, wasansu da Wales a daren Juma'a. Jelonch ya dire da wuri, daga nan Faransa ta kusan daina kai hari. Biggar na Wales ya yi ta ruwan ƙwallo a sama, Wales ta zauna a yankin Faransa, amma ba ta dire ko sau ɗaya ba. Faransa ta ci 13 da 9. Dabarar ita ce kada a zuba mutane a kan ƙwallon da ta faɗi ƙasa sai an ga damar ƙwacewa, sauran su tsaya a layi su taso tare.

Gwaggo Mai Lissafi: Ranar ƙarshe, 19 ga Maris, Faransa ta doke Ingila 25 da 13, cin biyar na farko tun 2010. Amma kafin nan a Cardiff, Wales na gaban Italiya da 21 da 15, ta harba ƙwallo nesa masu binta ba su taso a jere ba. Capuozzo na Italiya ya bi ta gibin, ya kai kusurwa, sai ya miƙa wa Padovani a ciki don a dire kusa da sanduna. Da ya dire a gefe, bugun Garbisi zai zama na sa'a. Italiya ta ci 22 da 21, bayan kaye 36 a jere a gasar tun 2015.