Za mu koma Alƙahira da yara, ya kuka yi da karatunsu a baƙon gari?

Maman Hanifa, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya samu gurbin ƙarin karatu a Alƙahira, bayan Babbar Salla za mu bi shi ni da yara uku. Haya da cefane shi zai ji da su, ni damuwata yaran. Babbar ta fara haɗa baƙi da Hausa, tana kuma izu na biyu a wurin malam. Waɗanda suka zauna waje da iyali, don Allah ku faɗa mini yadda kuka yi.

Hajiya 'Yar Daura: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mu a Landan muka zauna. A gida ɗa na kowa ne, can kuwa kowa ƙofarsa a rufe, ba kaka, ba gwaggo, ba maƙwabciyar da za ki ce ta riƙe miki jariri ki leƙa kasuwa. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, yara na shigowa daga makaranta ana sallar magariba, dare ya yi ta tsawo. Laburaren unguwa ne ya taimake ni. Katin aro kyauta ne, har jariri ana yi wa. A namu na ga littattafan yara na Larabci da Somaliyanci da Urdu, na Hausa ko ɗaya ban gani ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Sai na sayi littafin rubutu na dinga rubuta musu da hannuna: Gizo da Ƙoƙi, sannan labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Ɗana ya karanta, mu ɗauki muryarsa mu tura wa Inna ta WhatsApp. Ita kuwa ba ta ɗaga ƙafa, duk inda ya ce "kofa" maimakon "ƙofa" sai ta maido masa da gyara. Har yau littafin na nan, ƙannensa ma da shi suka koya.

Abu Yusra, Ƙofar Ƙaura: Hajiya ta yi magana. Ni a Azhar na yi karatu, bari in ƙara abu ɗaya da zai iya rikita yarinyar. In a allo take, da ruwayar Warshu take karatu, Masar kuwa Hafsu aka fi yi. Tun daga Fatiha za ta ji bambanci, ita tana "maliki" malam yana jan "maa". Rubutun ma haka: fa ɗinmu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, a bugunsu ba haka ba ne. Ki tafi mata da Alƙur'aninta na gida, ku yanke shawara da maigida wace za ta riƙe, kada a haɗa mata biyu tana ƙarama. Ɗalibanmu suna da yawa a unguwar Madinatu Nasr da ke Alƙahira, ba za ku rasa mai biya mata ba. Littattafai kuwa sai kin gaji. Akwai baje kolin littattafai na Alƙahira da ake yi tun 1969, wajen ƙarshen Janairu, ga kuma masu tsofaffin littattafai a Azbakiyya, kusa da Ataba.

Baban Sadiq, Sabuwar Unguwa: Ni a Kuala Lumpur na zauna, kuma ina ganin baki ya kamata a fara tsarewa kafin takarda. Ina fita da asuba, in dawo sun yi barci, nan da nan na fara yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. Uwarsu ta kafa doka, a kan tabarmar cin abinci ba a yin wani harshe sai Hausa. Ta kuma koya musu gaisuwa da durƙusawa. Da muka dawo Katsina, kakansu bai tambayi sakamakon jarrabawa ba, gaisuwar ya fara saurara.

Maman Hanifa: Allah Ya saka muku da alheri. Malam Abu Yusra, to allon fa, in tafi da shi?

Abu Yusra: Ki tafi da shi, da alƙalamanta na gamba, ki haɗa da ƙaro saboda tawada. Ki naɗe allon a zani cikin akwati don kada ya tsage a hanya.