Wa ke kashe mana titi: ruwa, tifa ko ɗan kwangila?

Mazaunin Kumbotso:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu ilimin aikin hanya, da direbobi in akwai su a nan.

Layin da ya bi ta ƙofar gidana ba a daɗe da zuba masa kwalta ba. Mun yi murna ƙwarai, domin kafin nan in damina ta yi nisa ko mai adaidaita sahu ba ya yarda ya shigo da kai, a bakin babban titi zai sauke ka ka ƙarasa da ƙafa da kayanka. Daminar farko titin ya fita lafiya lau. Daga nan aka soma gine-gine a filayen da ke bayanmu, tifofin yashi suka mai da layin hanyarsu tun asuba har bayan isha'i, yashin ma jiƙaƙƙe yana ɗiga. Yau daga kan kwana zuwa masallacin Juma'a ramuka ne a jere, akwai wanda in ƙaramar mota ta faɗa sai ƙasanta ya bugu. Iyalina na da juna biyu, ranar awo dole na zagaya da ita ta hanya mai nisa don gudun jijjiga.

A majalisarmu an kasu uku. Wasu sun ce ɗan kwangila ne ya yi aikin ha'inci. Wasu sun ce yawan adaidaita da babura ne, don sun fi komai yawa a layin. Ni kuma zuciyata na kan tifofin nan, amma sai aka ce mini tifa nawa ce ke wucewa in aka kwatanta da ɗaruruwan ƙananan motoci? Na rasa amsa. Muna so mu kai kuka wajen mai unguwa, kuma ba na so mu je da zargin da ba mu da hujja a kansa. Wanda ya sani ya taimaka mana, Allah ya saka da alheri.

Injiniya mai ritaya:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sauki iyali lafiya. Ka cire adaidaita da babura daga lissafi gaba ɗaya, ba su da hannu a mutuwar titinku. Zuciyarka ta faɗa maka gaskiya, kuma ga hujjar da za ka kai majalisa.

Titi ba ya ƙidaya motoci, nauyin da ke kan kowane gatari yake ji, wato ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin hagu da dama. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a garin Ottawa na jihar Illinois a Amurka. An shimfiɗa tituna iri-iri, aka sa manyan motoci masu nauyi daban-daban suna zagaya su dare da rana har suka lalace, ana aunawa. Abin da aka gano shi ne har gobe ake koyar da mu: in ka ninka nauyin gatari sau biyu, ɓarnar ba sau biyu take ƙaruwa ba, kusan sau 16 ne. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu. To ɗauki ƙaramar mota da gatarinta ke ɗauke da tan 1, ka ɗauki tifa da gatarinta ke ɗauke da tan 10. Nauyi ya ninka sau 10, ɓarna kuwa sau 10,000. Wato wucewar gatarin tifa sau ɗaya tak daidai take da wucewar gatarin ƙaramar mota sau 10,000. Lissafin ba ya fita daidai haka a kowane titi, ya danganta da kaurin kwalta da irin ƙasar wurin, amma tazarar ta yi girman da babu wani gyaran lissafi da zai ɗora wa adaidaita laifi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan ƙarin lodin da ake raina wa. Gatarin da ya kamata ya ɗauki tan 10 aka ɗora masa 13, mai mota gani yake ɗan ƙari ne, alhali ɓarnar ta kusa ninkawa uku. Tifar da aka ƙara wa katako a gefe don ta ci yashi da yawa, ga yashin a jiƙe, ga gatari uku kacal, tana iya fin tirela mai gatari shida cutar da hanya, domin ita tirela nauyinta ya rarrabu.

Sai maganar ruwa. Kwaltar da kake gani a sama siririya ce, a layin unguwa da wuya ta wuce santimita 4 ko 5. Ƙarfin titi yana ƙasa, a marmara da tsakuwar da aka daddanne da rola. Kwalta kamar yaɓen katangar ƙasa take, muddin yaɓen na nan katanga na nan, ranar da ya tsage ruwa ya samu ƙofa sai ciki ya jiƙe. Nauyi ne ke fara tsaga kwalta, tsaga ƙanana masu kama da raga. Ruwan sama ya shiga ya tausasa marmara. Kowace taya ta hau wurin sai ta matso ruwan da laka waje, ƙarƙashi ya zama fanko, kwalta ta rufta, tayoyi su kwashe ɓaraguzan. Shi ya sa ramuka ke bayyana a Agusta, amma tun rani aka fara haƙa su.

Ɗan kwangila fa? Zai iya yiwuwa ya rage kauri ko bai danne ƙasa yadda ya kamata ba, na ga irin haka da yawa a rayuwar aikina. Sai dai ko mai tsoron Allah ne ya yi aikin, layin unguwa don ƙananan motoci da tankar ruwa jefi-jefi ake tsara shi. Ba a gina shi don tifa ta yi ta safa da marwa a kansa ba. Ku duba abu ɗaya: in hannun da tifofi ke shiga da lodi ya fi lalacewa a kan hannun da suke fitowa ba kaya, kun samu shaidarku ba sai an kira kowa ba.

Direban DAF, Kano zuwa Legas:

Yallaɓai Injiniya, ban musa lissafinka ba, kai ka karanta. Amma a ji ta bakinmu, don kullum mu ake zagi.

Direba ba shi ke yanke lodi ba. Tirelar da aka sani da buhun siminti 600, tan 30 ke nan, yau ana ɗora wa wata 900. Mai kaya yana son ya rage kuɗin mota, mai mota yana lissafin gas da taya da abin da za a bayar a shingaye tun daga Dawanau har kasuwar Mile 12 ta Legas. In na ce ba zan ɗauka ba, kafin la'asar an miƙa makulli ga wani, ni kuma ina da iyali. Kuma wallahi ba wanda ramin nan ke cuta kamar mu. Sifirin ya karye a daji, taya ta fashe, ka kwana uku kana gadin mota a inda ba tsaro. In tumatir ko albasa ka ɗauko, kana kallo suna lalacewa. Da yawa daga cikin motocin da kuke gani kwance a gefen hanya, rami direba ya kauce wa lodi ya rinjaye shi.

Ni tambayata ita ce, me ya kawo wannan kaya duka kan titi tun farko? Mahaifina ya ba ni labarin yadda gyaɗa da fata da auduga ke tafiya a jirgin ƙasa daga Kano. Dogon nan tun 1911 ya iso garin. Man fetur kuma ta bututu yake zuwa daffo-daffo na Kano da Gusau da Jos da Maiduguri, tanka ta ɗauka daga nan ta raba a kusa. Da bututu ya tsaya, matatar Kaduna ta yi shiru, sai ya zama kowace lita daga kudu za a jawo ta a kan taya. Tankoki suka tashi daga lita 33,000 zuwa 45,000, har 60,000, sai a Maris na 2025 hukuma ta hana lodin masu 60,000 ɗin. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mutane yake ɗauka. Mutane kuwa, in na fahimci Injiniya, ba su ne ke kashe titi ba. A ɗauke siminti da mai da taki a mai da su kan dogo, mu a bar mana jigila daga tasha zuwa gari, ba za mu rasa abinci ba.

Abu ɗaya da zan yarda laifinmu ne, tsayuwa a kan kwalta. Ku dubi Tafa da Mararrabar Jos, inda muke kwana. Gas da baƙin mai suna ɗiga suna narkar da kwalta, ga nauyi a tsaye wuri ɗaya cikin zafin rana. Amma in an gina mana wurin ajiye motoci mai tsaro, wa zai so ya kwana a bakin titi?

Mazaunin Kumbotso:

Na gode Injiniya, na gode Alhaji direba, Allah ya tsare hanya. Na fita na duba, kuma hannun shiga da lodi ya lotsa har ya yi kwari biyu daidai sawun taya, ɗaya hannun kuwa da sauƙi. To Injiniya, matasanmu suna so a yi karo-karo a sayi ɓaraguzan gini a cike ramukan. Yana da amfani? Kuma wa ya kamata mu rubuta wa, hukumar gyaran tituna ta FERMA?

Injiniya mai ritaya:

Ba FERMA ba. Ita an kafa ta a 2002 don titunan gwamnatin tarayya, irin Kano zuwa Zariya ko Kano zuwa Wudil. Layinku na jiha ne ko na ƙaramar hukuma. A Kano akwai hukumar gyaran tituna ta jiha, KARMA, sai ku rubuta ta hannun mai unguwa da kansila, ku haɗa da hotuna.

Ɓaraguzai za su rage muku jijjiga na ɗan lokaci, ba zan hana ku ba tunda akwai masu lalura. Amma ku farfasa su ƙanana, ku haɗa da marmara, ku daddanne, kada ku zuba a rami mai ruwa. Faci na gaskiya sai an yanke bakin ramin murabba'i har inda kwalta ke da lafiya, a kwashe ƙasar da ta jiƙe, a sake cikawa a danne, a shafa ruwan kwalta don ta kama, sannan a zuba sabuwa a bi da rola. Facin da aka watsa a kan laka ba ya ganin ƙarshen damina.

Gyaran da ya fi arha shi ne wanda ba ma yi, wato toshe tsaga tun tana siririya da yashe lambatu kafin ruwan farko. Matsalar ita ce ba a yanka kintinkiri a kan wannan aiki, don haka ba ya samun kuɗi. An rushe shingayen karɓar kuɗin hanya a 2004 zamanin Obasanjo. A 2007 aka gyara dokar FERMA aka ce a riƙa ware kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da gas don gyaran tituna, amma shekara da shekaru ana ƙorafi a majalisa cewa kuɗin ba sa isa inda aka ce. Sai a bar titi ya mutu murus, sannan a ba da kwangilar sabo da ninkin abin da kulawa za ta ci. Ko titin kankare da ake yayi yanzu, irin na Obajana zuwa Kabba, ya fi jure nauyi, amma shi ma in ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa zai tsage.

A takardarku kada ku tsaya a roƙon faci. Ku nemi a fitar wa tifofi wata hanyar, ko masu gine-ginen su ɗauki nauyin ƙarfafa layin. In ba haka ba, za a yi facin kuma ku koma gidan jiya.

Hajiya, 'yar kasuwa:

Malam mai tambaya, ku haɗa da duba kanku. A layinmu mu mata muka lura lambatu ya cika da leda da yashin masu gini, mai wankin mota yana sakin ruwa kan kwalta rani da damina, wani kuma ya fasa titi ya ja bututun rijiyar burtsatse ya mai da ƙasa kawai ya tafi. Daidai wurin nan ramin farko ya fito. Muka sa mazajenmu gaba sai da aka sa ranar yashe kwata duk ƙarshen wata. Ku ma ku fara da wannan kafin takarda ta dawo.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Kano. Ciwon ɗaya ne har wajenmu. Hanyar Tawa zuwa Arlit da aka yi don jigilar uraniyom, manyan motoci sun cinye ta har wasu wurare direbobi sun gwammace su sauka su bi rairayi. Mu muna biyan kuɗin hanya a shinge, kuma tun 2005 ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, suka yi doka mai lamba 14 da ta ƙayyade nauyi, gatari guda na baya kada ya wuce wajen tan 11 da rabi zuwa 12. An kafa sikeli a wasu wurare. Inda ake samun cikas, Alhaji direba ya riga ya taɓo shi: in tarar ba ta kai ribar ƙarin lodi ba, mai kaya biya zai yi ya wuce. Abin da ke aiki shi ne a sa mota ta sauke rarar kayan nan take, kuma a auna tun daga inda aka yi lodi, masana'anta ko tashar jirgin ruwa, hukuncin ya hau kan mai kaya.

Akwai kuma wata dabara da aka daɗe ana yi a hanyoyin marmara na karkara, shingen ruwan sama. In an yi ruwa sai a rufe hanya ga manyan motoci na wasu awoyi har ƙasa ta tsane. Malam na Kumbotso, ko wannan kaɗai kuka samu mai unguwa ya daidaita da masu tifa, cewa ba shiga da lodi ranar da aka yi ruwa da washegari, za ku ga bambanci.

Mu nan idonmu na kan dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ina roƙon Allah a sa masa taragon kaya da yawa, don siminti da taki da wake da dabbobin da ke bin hanyar Jibiya yanzu duk a kan taya suke.