Tsohuwar kwamfutar ofis ko haɗi daga tushe: muhawarar 'yan gem na Bauchi

Oga Sale: Na sha faɗa a nan, kuma zan sake faɗa. Duk wanda kuɗinsa bai kai rabin miliyan ba, ya bar maganar haɗa kwamfutar gem daga tushe. Ya sayi tsohuwar Dell ko HP ta ofis, irin 'yan Beljiyam ɗin nan, ya ƙara mata RAM da SSD, ya soka mata katin hoto, ya zauna ya buga abinsa. Muhsin ne ya zo shago jiya da wannan tambayar, na ce ya kawo ta nan a ji ta bakin kowa. Amma ni dai matsayata ke nan.

Muhsin: Haka ne, Oga. Dubu 420 nake da ita, kuma ba a rana ɗaya na tara ta ba. Monita ina da ta yayana, 1080p ce, fad ma akwai. Wasan ƙwallon FC da GTA V kawai nake so su tafi ba tare da sarƙewa ba.

Injiniya Kabiru: Oga Sale, da girmanka, amma wannan shawarar tana ɗaure mutum ne a wuri ɗaya. OptiPlex ta Dell da EliteDesk ta HP an ƙera su ne don a buga takarda a ofis. Fawa-fak ɗinsu, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, wat 200 ne zuwa 260, ba shi da wayar da ake jona wa babban kati, kuma bakin da ke shiga bod ɗin ba irin na kowa ba ne, nasu ne na kamfani. Ranar da ya mutu, ko ranar da yaron nan ya samu kuɗin kati mai ƙarfi, ba zai shiga kasuwa ya ɗauko kowane fawa-fak ya saka ba. Sai dai a nemo wayar juyi a yi ta dabaru. Idan ma mai siririn akwati ce ta faɗo masa, katin kirki ba zai shiga akwatin ba sam.

Oga Sale: Wa ya ce ya sayi siririya? Babbar zai ɗauka, mai firosesar Intel i5-8500. Ƙwaya shida gare ta. Ya saka katin hoto GTX 1650, irin wadda ba ta neman waya, wat 75 ɗin ramin bod ya ishe ta. FC 24 ma abin da ya nema a ƙasa shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, ita kuwa 1650 ta fi 1050 Ti. To me ya rage?

Auwal Fadama: Abin da ya rage shi ne Oga yana da guda uku a shago suna shan ƙura tun azumi 😂

Oga Sale: Kai yaro, ka kiyaye ni. Biyu ne.

Injiniya Kabiru: Na ji daɗi da ka ce 8500, don yawancin abin da ake turo wa mutane daga Kano da Legas 6500 ne da 7500, 'yan zubi na shida da na bakwai. Muhsin, ka riƙe wannan ko da ba ka ɗauki sauran maganata ba: Windows 10 Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance daga Intel zubi na takwas, irin su 8500, take farawa. Akwai hanyar tsallake shingen, na sani, kowa a nan ya sani, amma bai kamata ka biya kuɗi yau ka sayi abin da tun ranar farko sai da dabara zai yi aiki ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne AM4, wato haɗi a kan soket ɗin firosesar kamfanin AMD. Bod B450 na hannu, Ryzen 5 3600 ko 5600 idan kuɗi ya kai, RAM guda biyu masu giga 8-8, SSD, fawa-fak na kirki, akwati ko da mai arha ne. AMD ta fito da wannan soket tun 2016, ta yi ta zuba masa firosesa har zubin 5000, shi ya sa kayansa suka cika kasuwar hannu. Komai a jikinsa ana cire shi a sa wani. Bana ka saka kati ƙarami, baɗi ka sayar ka ɗora wanda ya fi shi, ba ka taɓa sauran ba.

Oga Sale: Injiniya, lissafa mana. Bod, firosesa, RAM, SSD, fawa-fak, akwati. Bayan ka biya waɗannan shida da canjin dala na yanzu, nawa ya rage na katin? RAM kaɗai ka ga yadda ta yi tashin gwauron zabo tun ƙarshen 2025. Ita ta ofis da RAM ɗinta take zuwa, da akwatinta, da fankarta, har da lasisin Windows a jikin bod. Kai kana lissafin baɗi, yaro yana son ya buga ƙwallo a wannan Asabar ɗin.

Injiniya Kabiru: Idan bai kai ba ya fara da firosesar Ryzen 5600G. Tana da nata hoton a ciki, ba sai da kati ba.

Anti Rukayya: A nan kam ban bi ka ba, Injiniya. Da 5600G na fara aikin haɗa bidiyon biki. GTA V da eFootball za su tafi idan ka sassauta saiti, kuma sai RAM ɗin ta kasance guda biyu, don hoton cikin firosesa daga RAM yake ci, sanda ɗaya tana shaƙe shi. Amma sabon FC a 1080p wahala zai sha. Ga shi ma'ajiyarta ta L3 mega 16 ce, rabin ta 5600. Wato ka biya kuɗin hoton da za ka daina amfani da shi ranar da kati ya zo, ka kuma zauna da firosesar da ba ta kai 'yar uwarta ba.

Ni abin da ya ba ni mamaki, tun ɗazu ana ta kati da bod, ba wanda ya tambayi yaron nan da wace wuta zai kunna ta. Muhsin, a ina kake, kuma me kuke da shi a gida?

Muhsin: Rafin Zurfi, Anti. Wuta takan zo, amma an fi kawo ta cikin dare. Akwai sola a gida, batir ɗaya ne mai 200Ah, Baba ya sa don fanka da fitila da talabijin.

Anti Rukayya: To ka ga inda maganar take. Batir mai bolt 12 da 200Ah, a takarda wat 2,400 ne na awa ɗaya. Idan irin na ruwa ne ko jel, rabi kawai ake so ka ja in kana son ya yi shekaru, saura 1,200 ke nan, inbata ma ta ci nata a ciki. Kwamfutar da ke jan wat 300 da monitarta ba za ta cika awa huɗu ba, kuma fa babu fanka babu fitila a lissafin. Ka buga wasa bayan magariba, ƙarfe goma gida ya yi duhu a watan Afrilu. Kai da Baba ne, ba ruwanmu.

Auwal Fadama: Innalillahi. A ranar za a sayar da kwamfutar, a haɗa da fad ɗin kyauta.

Baban Ummi: Ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na rufe shago. Shekaru ina riƙe da gidan gem a Gwallameji, kuma abin da zan ce ba zai yi wa 'yan kwamfuta daɗi ba. Mai son ƙwallo da GTA ya sayi PS4 Slim na hannu ya huta. Ba direba, ba Windows, ba wani ya ce maka RAM ta kwance. Wutar da take sha ba ta kai rabin ta wannan haɗin naku ba. Canjin da ya rage ya ƙara wa Babansa batir, ya sha albarka.

Muhsin: Baban Ummi, da gem kaɗai ne da tuni na bi shawararka. Ina da AutoCAD, manhajar zanen injiniya, a wannan zangon karatu, kuma furojet na tafe.

Baban Ummi: To da ka faɗa tun farko ai. Na janye, amma rabi.

Injiniya Kabiru: PS4 ta 2013 ce, Alhaji. GTA VI ma PS5 da Xbox Series aka sanar, ita ba ta ciki. Sannan buga FC da mutane ta intanet a PS4 sai ka biya kuɗin rajistar PS Plus, a kwamfuta kuwa datarka kawai.

Amma maganar Anti ita ce magana, kuma ni a ganina ta fi taimakon ɓangarena. A dubi katunan da ke yawo a kasuwa. RX 580 ta 2017 tana shan wat 185. GTX 1660 Super wat 125. RX 6600 ta 2021 wat 132, ga giga 8, kuma ta yi wa 580 nisa sosai a ƙarfi. Sabon kati ya fi ba da hoto a kan kowane wat, amma dukkansu ukun sai da wayar fawa-fak, abin da ta ofis ba ta da shi.

Oga Sale: A'a, Injiniya, kada ka murɗe ta. Maganar Anti ni ta taimaka. OptiPlex da 1650, firosesa wat 65, kati wat 75, ka haɗa da monita da sauran tarkace ba za ka kai 200 ba. Wa ya fi tausayin batirin Baba a nan?

Anti Rukayya: Gaskiya a wuta Oga ya ci. A hoto Injiniya ya ci. Giga 4 na 1650 shi ne abin da ke damuna, don wasannin yanzu sun fara raina shi. Kuma kowane kati ka saka, ka ɗaure shi a firem 60 idan monitarka ba ta wuce nan ba. Katin da ba a sake masa linzami ba yana ta zana hotunan da ba za ka gani ba, batir yana biya.

Auwal Fadama: Ni fa RX 580 nake gani ko'ina da arha, giga 8 cur. Me ya hana?

Oga Sale: Araha ba ta ado, Auwal. Waɗannan yawancinsu daga masu haƙar kirifto suka fito. Da Ethereum ta daina amfani da katin hoto a Satumba 2022, sai aka juye su kasuwa buhu-buhu. Ba duka ne matattu ba, na sayar da masu kyau da hannuna. Amma kati ne da ya yi shekaru yana aiki dare da rana, fankarsa ta gaji, man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya ya bushe. Sannan akwai wadda ake rubuta wa 2048SP, ta kasuwar Sin. Cikakkiyar 580 tana da ƙwayoyin aiki 2304, ita waccan a aiki RX 570 ce da aka canza wa suna. Na taɓa karɓar saƙo daga wani dila, kwali ya ce 1050 Ti, da na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan kati, sai ga tsohon GTS 450 an yi masa wankan BIOS. Tun daga ranar ba na biyan kati sai na ga GPU-Z, na kuma bar shi a manhajar gwaji ta FurMark kamar rabin awa ina kallon zafinsa. Mai kaya ya ƙi yarda a gwada, ka ɗauki kuɗinka ka yi gaba.

Injiniya Kabiru: A wannan kam bakinmu ɗaya. In ƙara da fawa-fak. Kada ka sayi marar suna mai rubutun wat 650 wanda ka ɗaga ka ji kamar kwalin ashana. Nemi Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, wat 500 zuwa 550, mai tambarin 80 Plus Bronze. Shi ne abu ɗaya da idan ya tafi yakan tafi da maƙwabtansa. Kuma ka duba inbatar gidanku. Idan ba mai tsarkakakkiyar wuta ba ce, wato pure sine, fawa-fak na zamani yakan yi ƙara ko ya ɗauke lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa batir. Ƙaramin janareta kuwa kada ka jona kai tsaye.

Baban Ummi: Ku faɗa masa ƙura ma. Daga Disamba zuwa Fabrairu ni duk sati biyu sai na bi injinana da bulowa. Ka riƙe fankar da yatsa lokacin da kake hurawa, kar ta yi ta juyawa a banza. Kuma kada ka ajiye ta a ƙasa kan kafet.

Muhsin: Na gode ƙwarai, manya. Abin da na fahimta, idan na bi Oga zan fara wasa yanzu kuma batir zai ɗan huta, idan na bi Injiniya sai na ƙara haƙuri ko na ƙara kuɗi. Tambayata, idan na sayi ta ofis yanzu, baɗi na tashi haɗa AM4, me zan iya ɗauka daga cikinta?

Oga Sale: SSD, katin, da RAM tunda duka DDR4 ne. Sauran ka dawo min da ita in saya, masu shagon buga takardu kullum nemanta suke.

Injiniya Kabiru: RAM ɗin ofis yawanci 2666 ce, Ryzen kuwa ta fi son 3200. Za ta yi aiki, amma ka san ka bar wani abu a ƙasa. Kuma Oga, ka faɗi nawa za ka saya a gaban shaidu, don na san farashin saye da na sayarwa a kasuwar Wunti ba su taɓa gaisawa ba.

Oga Sale: Wannan sai ranar ta zo, mu ga inda dala take.

Anti Rukayya: Kafin ka ba kowa ko sisi, je ka ɗauko mana hoton takardar da ke manne a bayan inbatar, mu ga wat nawa ce kuma wace iri ce. Idan 1kVA ce kuma firij yana kanta, duk wannan musun sai an sake shi daga farko.

Muhsin: Firij ba ya kai, Anti. Bari Baba ya dawo daga masallaci, ɗakinsa take.

Auwal Fadama: Ka ce masa AutoCAD ne ya ce a duba.