Neman shawara: zan iya haɗa filastar nikotin da cingam don in bar taba?

Assalamu alaikum admin dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 14 ina shan sigari, kwali ɗaya a rana wato kara 20, ina idar da sallar asuba ita nake fara nema tun kafin shayi. Azumin bara na gwada cingam ɗin nikotin na yi kwana 9 sai na koma, wlh har kunyar matata nake ji saboda 'yarmu tana da asma kuma warin yana bin rigata har ɗaki. Yanzu ƙanina ya aiko min da filastar da ake mannawa a dantse daga Ingila, shin in na haɗa ta da cingam nikotin ba zai min yawa ba? Wani kuma ya ce akwai ƙwayar magani ta barin taba. Ku taimaka.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, haɗa su ya fi ɗaya kaɗai aiki, ba ganganci ba ne haka likitoci ke yi. Filasta tana sakin nikotin a hankali yini guda, cingam kuma na lokacin da sha'awar ta taso maka kwatsam ne kamar bayan cin abinci. Mai shan sama da kara 10 a rana da filasta mai 21mg ake fara masa, bayan sati 6 a sauko 14mg sannan 7mg. Tunda kana sha cikin minti 30 da tashi cingam mai 4mg ne naka. Ka riƙa canza wurin mannawa kullum saboda ƙaiƙayi.

Tsohon direba: Malam ina kyautata zaton tauna cingam ɗin nikotin ka yi kamar cingam ɗin yara shi ya sa ka koma. Nima haka na yi har shaƙuwa ta kama ni cikina ya ɗau zafi, ashe taunawa kaɗan ake yi in ka ji yaji-yaji a baki sai ka ajiye shi a kumatu, in ya lafa ka sake. Kuma kar ka sha kofi ko lemon kwalba minti 15 kafin nan. Ni yanzu shekara 3 rabona da ita Alhamdulillah, amma sai da na daina zama majalisar mai shayin tasha tukunna, can ne ake miƙo min.

Mai kemis: Ƙwayar da aka faɗa maka ko varenicline ce (Champix) ko bupropion, duk suna cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2024. Varenicline ana fara ta sati ɗaya kafin ranar dainawa a yi sati 12, tana sa tashin zuciya da mafarkai, ana iya haɗa ta da filasta amma likita ne zai yanke. Bupropion kuwa mai farfaɗiya ba ya shan ta sam. Dan Allah kar ka saya da kanka, musamman in kana da ciwon ƙoda ko kana shan maganin damuwa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Gaskiya tauna shi na yi ta yi babu ƙaƙƙautawa. Na duba kwalin filastar 21mg ce. Ina da hawan jini ina shan magani, don haka jibi Litinin zan tafi da ita asibiti in nuna wa likitana kafin in manna.