Eyafulo: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa makanikai da malaman harshe, wata kalma na kawo mu raɗa mata suna. A gareji muna cewa eyafulo, wasu su ce sansan iska, a fuskar na'urar bincike kuma haruffa uku ake gani, MAF. Shi ne abin da ke auna iskar da ke shiga injin mota. Duk wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗin Camry ko Corolla ya gan shi: ɗan baƙin roba mai soket, an ɗaure shi da sukurori biyu a bakin akwatin filtar iska.

Wata Camry ce ta tayar min da maganar, mai injin 2AZ-FE, lita 2.4. Injinta ya buga, mai ita ya sayo ɗan Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, muka ɗora, ta tashi bugu ɗaya. Sai dai murfin akwatin filta ya fashe wajen sauke tsohon injin, aka samo wani mai bututu mafi faɗi, aka dasa sansan a jikinsa. Kwana uku ta dawo. Silo yana rawa, in an taka sai ta shaƙe kafin ta ja, wutar gargaɗi ta kama. Na'ura ta nuna P0171, wato mai ya yi wa iska kaɗan. Yaron da ke koyo a hannuna ya ce, "Oga, eyafulon ne ya mutu, a sayo sabo." Alhali eyafulon lafiyarsa ƙalau. Ina cikin yi masa bayani na gane cewa sunan da muke kiran abin da shi bai gaya masa komai game da aikinsa ba.

A cikinsa akwai siririyar waya da lantarki ke ɗumamawa. Iska ta bi ta kanta ta hutar da zafin, sai a ƙara wuta don ya tsaya inda yake. Wutar da aka ƙara ita ce saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma tana da jadawalin da ke juya saƙon zuwa giram nawa na iska ke shiga cikin daƙiƙa guda. Da wannan take yanke fetur: giram 14.7 na iska, giram 1 na mai. Amma wayar ba ta jin iskar duka, ɗan abin da ya shafe ta kawai take ji. Jadawalin ne ya san faɗin bututu. A ce an rubuta shi don bututu mai milimita 60, kai kuma ka sa na 70. Bakin ya ƙaru da kusan kashi 36 cikin ɗari, iska ta wuce a sannu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka kaɗan ce ta shigo, ta rage mai.

To, suna. Na fara da mitar iska, na bar ta, domin da an ce mita ta wutar gida ce ke zuwa rai, mai tara lissafin wata. Ma'aunin iska Hausa ce tsantsa, amma ka faɗa wa direba haka, gejin mai faci zai gani. Wani abokin aiki ya kawo hancin inji. Ya yi min daɗi a baki, sai dai hanci sansanawa yake yi, wannan kuwa awo yake yi.

Kasuwa ce ta warware min. Muna da awo iri biyu, na mudu da na sikeli. Mudu cika yake aunawa, sikeli nauyi. Mudun gero da mudun dusa cikarsu ɗaya, nauyinsu ba ɗaya ba. Haka iska take: lita ɗaya ta sanyin asuba a Kano ta fi lita ɗaya ta azahar ɗin Afrilu nauyi, ta Legas ta fi ta Jos, da ke sama da mita 1,000 daga teku. Inji kuwa nauyin yake ƙonawa. Don haka nake ba da shawarar sikelin iska. Har tsohon samfuri, mai ɗan marfi da iska ke turawa, irin na Bosch L-Jetronic a motocin Turai na shekarun 1970 da 1980, ya samu suna a nan, domin shi cika yake aunawa: mudun iska. Na san za a ce sikeli ma aro ce. Haka ne, amma ta zauna, mahauci da mai awon gyaɗa da ita suke ciniki. Mizani na nan, sai dai na fi son a bar ta da nauyin da take da shi a wajen wa'azi.

Aikin da ake yi bayan sauya inji kuma sai mu ce saita sikeli. Ya bambanta da wanke sikeli, wanda muke yi in ƙurar hunturu ta lulluɓe wayar. A saitawa, a bar inji ya ɗau zafi, a tabbatar babu inda iska ke satar shiga bayan sikelin, a fita titi da na'ura a haɗe, a duba kashi nawa na mai ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa a silo, a tafiyar gari, da kan babban titi. In tana ƙara kashi 15 a wani mataki, sikelin na tauye awo a nan, sai a ɗaga jadawalin da kwatankwacin haka, a sake fita, har gyaran ya dawo cikin kashi 5. Inda ƙwaƙwalwar ba ta karɓar rubutu, mafita ita ce a mayar da bututun asali. Haka muka yi wa Camry ɗin, silo ya kwanta.

Da na ce wa yaron an ɗora sikeli a mazaunin da ba nasa ba, bai nemi ƙarin bayani ba, ya tafi neman murfin.

'Yan'uwa na Maradi da Damagaram, na san da Faransanci débitmètre ake cewa, me kuke kiransa a gareji? Saura kuma sansan da ke jikin salansa, mai sansana hayaƙi ya ba ƙwaƙwalwa labarin ko awon ya yi daidai. Shi nake ganin ya cancanci hancin salansa, in kun yarda.