Tashar tura gas kusa da gidanmu ta yi ƙara cikin dare, me ake ciki?

Maman Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna zaune a wani ƙauye a yammacin jihar Pensilbaniya a Amurka, shekararmu biyu ke nan. A bayan gidan da muke haya, tafiyar minti goma a ƙafa, akwai tashar da ke tura iskar gas cikin bututu. Kullum muna jin gunjinta ƙasa-ƙasa, har mun saba. To shekaranjiya wajen ƙarfe biyu na dare sai na farka da wata irin ƙara kamar jirgin sama zai tashi a tsakar gida. Tagogi sai karkarwa suke. Maigida yana wurin aikin dare, daga ni sai yara biyu. Na rungume su ina ta salati har ƙarar ta lafa, ta kai minti ashirin. Ban ga wuta ba, ban ji wari ba. Amma ƙaramar tawa, Amira, tana da asma, kuma tun daga ranar take tari. Don Allah wanda ya san aikin nan ya yi min bayani. Tunda ba wari, ba gas ba ne ya fita, ko? Mu tashi daga gidan ne?

Injiniyan Bututu:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da firgita. Na yi shekaru a irin wannan aiki, kuma bisa yadda kika kwatanta, gas ɗin da ke cikin tashar aka saki sama. Ƙarfin iskar da ke cikin manyan bututun nan yakan kai ninkin na tayar mota sau talatin. Idan na'ura ta ji gas yana yoyo, ko ta hango wuta, ko lantarkin da ke riƙe da ita ya ɗauke, sai bawul-bawul su rufe da kansu, a raba tashar da babban layi, abin da ya rage a ciki kuma a fitar da shi ta wani dogon bututu mai kallon sama. Ƙarar da kika ji ke nan. Wani lokacin kuma da gangan ake yi don gyara, amma wannan yawanci da rana ne.

Maganar wari kuwa, don Allah ki cire ta daga lissafi. Metan, wato ainihin gas ɗin da ke cikin bututun nan, ba shi da wari ko kaɗan. Warin da kika sani a gas ɗin girki zuba masa wani sinadari ake yi, kuma manyan layukan da ke ratsa karkara sau da yawa ba a zuba musu. Sauƙin abin shi ne metan ya fi iska rashin nauyi, sama yake yi, ba kamar gas ɗin silinda da ke kwanciya a ƙasa ba. Yana kama wuta ne idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wurin. In ya sake faruwa, ki rufe tagogi, kada ki matsa kusa don kallo, ki kira lambar gaggawa ta 911.

Ɗan Gwammaja a Boston:
Yaya, kada ki yi shiru a kan wannan. A nan kusa da mu, a garin Weymouth, kamfanin Enbridge ya gina irin tashar nan duk da mutanen gari sun yi shekaru suna ƙin ta. Ranar 11 ga Satumba 2020, tun ana gwaji, gaskit, wato abin da ke toshe mahaɗar bututu, ya lalace gas ya fita. Ranar 30 ga watan aka sake sakin gas ba shiri. Sau biyu cikin wata guda! Sai hukumar tarayya mai kula da lafiyar bututu ta sa aka dakatar da aiki har a bincika. Abin da na lura da shi, mutanen unguwar suna rubuta komai: rana, lokaci, tsawon ƙarar. Ke ma ki sami littafi ki fara.

Injiniyan Bututu:
Gaskiya ne. Kuma ki kai yarinyar asibiti, ki faɗa wa likita daren da abin ya faru. Metan kansa ba guba ba ne, amma yakan fito tare da ɗan abin da ba a rasa ba na wasu sinadarai irin su benzin. Ni abin da ke damuna ma gida ne. Ga bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, yana ratsa gonakin mutanenmu. Wa ya zaunar da su ya yi musu irin wannan bayani da Hausa?

Maman Amira:
Allah ya saka muku da alheri. Da safe maigida ya duba sandar alama da ke bakin hanya, ya samo lambar gaggawa a jiki ya kira. Sun ce wani bawul ne ya samu matsala, tashar ta kashe kanta. Raina ya ɓaci ƙwarai da ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ko washegari, alhali gida biyar ne kacal a layin. Mun nemi su riƙa sanar da mu kafin duk wani gyara, sun karɓi lambarmu. Amira kuma gobe ƙarfe tara za ta ga likita. Batun tashi, hayarmu sai watan Yuni za ta ƙare, na dai fara rubutu a littafin.